Tambaya da Amsa: Wa Ya Kayar da Super Eagles a Abijan?

Wasiƙun da suka shigo wannan fili tun daga daren Lahadi, 11 ga Fabrairu 2024, kusan duk magana ɗaya suke yi: wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka, wanda Kwaddibuwa ta doke Najeriya da ci 2-1 a filin wasa na Alassane Ouattara da ke Ebimpe, a bayan garin Abijan. Ga wanda bai samu kalla ba, William Troost-Ekong ne ya fara ci wa Najeriya da ka a minti na 38, Franck Kessié ya farke a minti na 62, sannan Sébastien Haller ya jefa ta biyu a minti na 81. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, mun kuma tsame zagin da ke cikin wasu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dai a ganina Iwobi ne ya kashe mu. Duk ƙwallon da ya samu sai ya mayar baya ko ya ba na gefe, babu fasin ɗaya da ya tsaga bayansu. A gidan kallonmu har cewa aka yi da mutum goma muka buga. Ko kun ga abin da ban gani ba? (Mai karatu daga Fagge, Kano)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani haka yake, Iwobi bai yi abin kirki ba a daren nan. Amma kafin a yanke masa hukunci, zo mu ƙirga mutane tukuna.

Koci José Peseiro ya jera yaransa 3-4-3: Nwabali a raga; Ajayi, Troost-Ekong da Bassey a baya; Ola Aina a gefen dama, Zaidu Sanusi a hagu; Onyeka da Iwobi a tsakiya; Chukwueze, Osimhen da Lookman a gaba. Ita kuwa Kwaddibuwa mutum uku ta zuba a tsakiya, Jean Michaël Seri a lamba 6, Kessié da Seko Fofana a gabansa. A gabansu Haller ne kaɗai a lamba 9, Adingra da Gradel suna gefe da gefe.

To ga lissafin. A bayanmu ƙarti uku ne ke gadin mutum ɗaya, wato Haller, biyu daga cikinsu ba su da aiki sai jira. A tsakiya kuma mutum biyu ke fama da uku, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. In Onyeka ya bi Seko, Iwobi ya riƙe Kessié, wa ke kan Seri? Babu kowa. Osimhen ne ya fi kusa da shi, shi kuwa yana tsakanin 'yan bayansu biyu, Ndicka da Kossounou. Ya ruga kan wannan, a ba wancan, wancan ya miƙa wa Seri. Sai ka ga Seri ya tare ƙwallo, ya juya, ya ɗaga kai ya zaɓi wanda zai ba, babu wanda ya ko taɓa rigarsa. A nan aka ci mu, tun ƙwallo ba ta shiga raga ba.

Yanzu ka dawo lokacin da ƙwallo ta faɗo ƙafarmu. Idan ba ma riƙe da ita, tsarin nan komawa yake 5-4-1: Aina da Zaidu su ja baya su zama na huɗu da na biyar, Lookman da Chukwueze su sauko layi ɗaya da Iwobi da Onyeka. Saboda haka da Iwobi ya karɓi ƙwallo a bakin da'irarmu ta 18, mutum biyar suna bayansa, uku suna kafaɗa da kafaɗa da shi, a gabansa kuma Osimhen ne kaɗai can nesa da 'yan baya biyu a wuyansa. Fasin na gaba sai da wanda ke gaba. Abu biyu suka rage masa, ko ya mayar baya ka zage shi, ko ya ɗaga ta sama Ndicka ya sa kai ta dawo mana kafin a ƙifta ido. Duka biyun an yi su, duka kuma ba su haifar da ɗa mai ido ba.

A tuna kuma cewa ba wurinsa ba ne. A Fulham can gaba yake wasa, ko gefe ko bayan lamba 9. Wilfred Ndidi ne mai wannan aiki, ya ji rauni gab da fara gasar, aka kira Alhassan Yusuf, ɗan Kano, ya cike gurbinsa. Umarnin da Iwobi ya bi duk gasar shi ne ya zauna kusa da Onyeka kada ya zubar da ƙwallo. Irin fasin ɗin da ake tsine masa a kai yau, da shi aka yi wasa huɗu a jere ba a ci Najeriya ko ɗaya ba, kuma a lokacin ba a ji ƙorafi sosai ba.

Inda za a kama shi da gaskiya: yana jinkirin sakin ƙwallo idan an matsa masa, kuma da wasa ya yi zafi bai fito ya nemi a ba shi ya kwantar da ita ba, alhali a fili babu wanda ya fi shi iya hakan a cikin sha ɗayan nan. Wannan laifinsa ne. Amma zagin da aka yi masa har ya kwashe hotunansa daga Instagram, har sai da kyaftin Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su daina, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Gyaran yana hannun benci, kuma hanya uku ce. Ta fi sauƙi a ce wa Lookman ya shigo ciki ya tsaya kan Seri, tsarin ya koma 5-3-1-1, a bar wa Zaidu da Bassey su ji da Gradel. Ko a ce ɗaya daga cikin 'yan bayan gefe, Ajayi ko Bassey, ya riƙa fitowa tsakiya duk lokacin da Kessié ko Seko ya karɓi ƙwallo a ɓangarensa, tunda dai Haller ɗaya ne. Ko kuma tun daga hutun rabin lokaci a cire ɗan gaba ɗaya a sa ɗan tsakiya na uku. Peseiro bai yi ko ɗaya ba, har lokacin da ya shigo da Alhassan ma Iwobi ya cire, aka ci gaba da biyu a kan uku.

TAMBAYA: Ni Bahaushe ne mazaunin Abijan, kuma Giwaye, wato Kwaddibuwa, nake goya wa baya, ku yi haƙuri. 'Yan'uwana na gida sai cewa suke ai sun ci mu a rukuni da wannan tsarin, don haka sa'a ce kawai muka taka. Ku raba mana gardama. (Wani ɗan kasuwa daga Adjamé)

AMSA: Alhaji, barka da arziki, kuma gaskiya tana wajenka. Riga ɗaya ce aka sa a wasannin biyu, amma ƙungiyar ba ɗaya ba ce. Ranar 18 ga Janairu da Najeriya ta ci 1-0 da fenaritin Troost-Ekong, Jean-Louis Gasset ne koci, kuma Haller da Simon Adingra duk suna jinya, ba su buga ba. Su biyun nan ne suka haɗa ƙwallon da ta ɗauki kofi. Bayan Ikwatoriyal Gini ta lallasa su 4-0 aka sallami Gasset, aka ba mataimakinsa Emerse Faé riƙon ƙwarya, kuma abu na farko da ya yi shi ne dawo da dattawan ƙungiya irin su Seri da Max Gradel.

Dawowar Seri ita ce ta sauya komai. A wasan rukuni tsakiyarsu ƙarfi ne da gudu, kowa yana son ya ɗauki ƙwallo ya kutsa, sai su zo su yi karo da katangar mutum biyar. Seri ba ya kutsawa. Taɓawa ɗaya ko biyu, ya juya ƙwallo daga dama zuwa hagu. Katangar mutum biyar ba ta tsoron mai zuwa gaba-gadi, abin da ke wahalar da ita shi ne a yi ta kai ta wannan gefe ana dawo da ita wancan, har wani ya makara da taku biyu. Kuma a wasan rukuni babu ɗan gefen da zai amfana da wannan taku biyun. A wasan ƙarshe akwai Adingra.

Peseiro ya shirya wa ƙungiyar da ya gani a watan Janairu, Faé kuma ya shirya wa ƙungiyar da ya san za ta fito, domin tun daga wancan wasa Najeriya ba ta sauya salo ba. Wanda ya riƙe ƙwallo fiye da kashi 60 cikin ɗari, ya yi ta kai hari har mai tsaron gidan abokan karawa ya zama gwarzonsu, ba a ce masa mai sa'a.

TAMBAYA: Ola Aina ya yi wasa kamar inji tun farkon gasa, amma a wasan ƙarshe yaro ɗan shekara 22 ya mai da shi abin dariya. Tsoro ne ko gajiya? (Wata mai karatu daga Tudun Wada, Zariya)

AMSA: Hajiya, kaɗaici ne ya fi yawa a ciki. Mai buga gefe a tsarin 'yan baya uku shi ne lamba 2 kuma shi ne lamba 7, layin nan na mita 100 da 'yan kai nasa ne shi kaɗai, sama da ƙasa. Aina ya yi wannan aiki tun daga wasan rukuni na biyu. A wasan ƙarshe sai aka tara masa mutum uku: Adingra a gabansa, Ghislain Konan yana zagayowa ta waje, Seko Fofana yana karkatowa ta ciki.

Tare ɗan gefe mai yanka aikin mutum biyu ne, ko uku. Na farko ya tunkare shi da sauri tun ƙwallo tana kan hanya, ya rage gudu idan ya rage taku uku, ya tsaya a karkace, kafaɗa ɗaya gaba, da tazarar da ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba, kada ya kai ƙafa sai ƙwallo ta rabu da ƙafar mai ita. Na biyu, wato ɗan bayan da ke kusa, a nan Ajayi, ya tsaya a bayansa ta ciki da kamar mita biyar zuwa bakwai, don in an yanke na farko a tarar da shi. Na uku shi ne ɗan gaban wannan gefen, ya dawo ya toshe hanyar shiga ciki. In babu na biyu da na uku, dole na farko ya riƙa ja da baya, kuma duk takun da ya ja ya ba mai yanka filin ɗaukar gudu.

A wasannin Kamaru, Angola da Afirka ta Kudu Moses Simon ne ya fara, kuma an san shi da dawowa taya tsaro. A wasan ƙarshe Chukwueze aka fara da shi, wanda ya fi ƙarfi a gaba. An gane kuskuren, aka shigo da Simon ba a daɗe da dawowa daga hutu ba. Sai dai a faɗi gaskiya, Simon yana fili lokacin da aka ci ta biyu. A wannan ƙwallon Adingra ya samu Aina shi kaɗai, ya ɗan tsaya, ya fizga ta waje, ya buga kuros, Haller ya riga Troost-Ekong zuwa tirken kusa ya sa tsinin takalmi. Aina ya ba da tazara da yawa, ba a kuma kawo masa ɗauki ba. Wasa ɗaya bai hana hukumar CAF ta sa shi cikin gwarazan sha ɗaya na gasar ba, tare da Troost-Ekong da Lookman.

TAMBAYA: Ƙwallon Kessié ta kwana ce. Muna da dogaye uku a baya amma mutum ya sa kai shi kaɗai. Ba laifin gola ba ne da bai fito ya kama ba? (Mai gidan kallon ƙwallo daga Gusau)

AMSA: A'a, Malam, a bar Nwabali ya huta. Kwanar ma ta samu ne saboda ya ture wani dogon shot na Kossounou waje. Ƙa'idar gola a bugun kwana ita ce ƙwallon da za ta sauka cikin ƙaramar da'ira, mai mita 5.5, kuma hanyarsa a buɗe take, tasa ce. Wadda aka ɗaga can tirken nesa ta bayan cunkoso ba tasa ba ce, in ya fito ya rasa ta raga ta zama wayam.

Tsaron kwana iri biyu ne, yawancin ƙungiyoyi kuma gauraya su suke yi. Akwai tsaron wuri: a jera mafi iya sa kai, uku ko huɗu, a kan layin ƙaramar da'ira, ɗaya a tirken kusa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a tirken nesa, kowa ya kai wa ƙwallon da ta shigo rabonsa hari. Akwai kuma makin na mutum da mutum, inda kowa zai riƙe nasa. Aikin masu makin ba lalle su ci ƙwallo a sama ba ne, aikinsu su hana mutum ɗaukar gudu, domin wanda ya taho da taku uku ko huɗu zai fi wanda ke tsaye tsalle ko da ya fi shi gajarta.

Abin da ke ɓata tsarin kusan kullum abu ɗaya ne: ana buga ƙwallo sai idanu duka su bi ta, jiki ya karkata tirken kusa, wanda ya laɓe a baya ya zame. Haka Adingra ya ɗaga ta, ta tsallake taron, Kessié ya same ta a tirken nesa babu mai takura masa, ya buga ta ƙasa da ka. Bugun kai na ƙasa shi ne mafi wuya ga gola saboda tashin da ƙwallo ke yi. Mai tsaron tirken nesa ya kamata ya tsaya ƙirjinsa na kallon fili, yadda zai ga mai bugu da ido ɗaya ya ga mai zuwa da ɗayan, kuma gola da kyaftin su ƙirga masu rigar abokan gaba da baki kafin a buga. Abin haushin shi ne mu ma ta kwana muka ci tamu, lokacin da ƙwallon Lookman ta tashi sama Troost-Ekong ya haye kan Serge Aurier.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: ƙungiyar da ta koma gida ta tare, kwana take tarawa kanta. A yi ta buga maka kwana, ko ba jima ko ba daɗe ɗaya za ta faɗa kan wanda ba a riƙe ba.

TAMBAYA: Gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2023 guda, wasa bakwai ƙwallo ɗaya tak. Osimhen na Napoli daban ne da na Najeriya? (Ɗalibi daga Bauchi)

AMSA: Mutum ɗaya ne, ɗan'uwa, abincin da ake ba shi ne ya bambanta. A kakar 2022/23 da ya ci ƙwallo 26 a gasar Italiya, Napoli ce ke riƙe da ƙwallo, Lobotka na rabawa, Kvaratskhelia na janye 'yan baya biyu zuwa gefe, shi kuma aikinsa ya tsaya a kafaɗar ɗan baya na ƙarshe ya jira a zura masa. A Kwaddibuwa aikinsa ya zama ya kori 'yan baya shi kaɗai, ya yi kokawar ƙwallon sama yana juya wa raga baya, ya riƙe ta har a zo. Mai cin ƙwallo da ya yi irin wannan gudun minti saba'in, idan dama ta zo ƙafarsa ta riga ta yi nauyi.

Ka duba ƙwallaye takwas da Najeriya ta ci a gasar. Troost-Ekong uku, biyu a fenariti, Lookman uku, Osimhen ɗaya, ɗaya kuma ɗan Gini Bisau ne ya ci gidansu. Fenaritin biyun nan duk Osimhen aka kayar, a wasan Kwaddibuwa da na Afirka ta Kudu. Ƙwallon farko a ragar Kamaru shi ya ƙwace daga ƙafar ɗan baya ya ba Lookman. An kuma soke masa ƙwallo a wasan Angola saboda satar gida, da wata a wasan Afirka ta Kudu saboda ƙetar da aka yi can baya kafin harin. Hannunsa na cikin rabin abin da aka ci.

Ba mu wanke shi tas ba. Ya ɓarar da damammaki masu kyau a wasan farko da Ikwatoriyal Gini, kuma yana da saurin hasala da ke sa shi bin ƙwallon da ba za ta kamu ba. Amma a wasan ƙarshe babu wata dama da za a ce ya ɓarar, ba a kai masa ba ne. Hare-haren da Najeriya ta kai gaba ɗaya ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

TAMBAYA: Ba gajiya ba ce? Mun yi minti 120 da Afirka ta Kudu. (Daga Birnin Kebbi)

AMSA: Tana ciki, amma ba ta isa hujja ba. Rana ɗaya aka buga wasannin kusa da na ƙarshe, 7 ga Fabrairu. Gaskiya ne Kwaddibuwa minti 90 ta yi da Kwango, sai dai kafin nan ta yi minti 120 da Senegal, ta sake yin 120 da Mali, mafi yawansa da mutum goma. Abin da ya gajiyar da Najeriya shi ne bin ƙwallo, domin wanda ke kora ya fi wanda ke riƙe da ita shan wahala, da kuma dogaro da kusan mutum sha ɗaya zuwa sha uku duk gasar.

TAMBAYA: Don Allah me ya sa aka kai Ahmed Musa aka ajiye a benci har aka gama gasa? Da an sa shi ko minti goma ne da ya yi wani abu. (Wani magoyin bayan Kano Pillars daga Sabon Gari)

AMSA: Yallaɓai, mun san ciwon. Mutumin da ya fi kowa buga wa Najeriya wasa, ya ɗauki kofin nan a 2013, ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Iceland biyu a 2018, a ce bai taka fili ba, dole magoya baya su ji babu daɗi. Amma a tambayi abin da wasan ke nema. Ƙarfin Ahmed shi ne gudu a bayan 'yan baya idan an zura masa. A daren nan mai zurawar ne babu, kuma masu gudu muna da su har uku a fili suna ta tsaro. Ƙara na huɗu ba zai dawo da ƙwallo ƙafarmu ba. Inda maganarka ke da ƙarfi shi ne a wasannin baya: da an riƙa ba shi da irin su Iheanacho da Moffi minti ashirin-ashirin lokacin da ake kan gaba, da Lookman da Osimhen sun iso wasan ƙarshe da sauran ƙarfi, su kuma 'yan benci da ba su shigo a sanyaye ba. Canji biyar doka ta ba koci, kuma yawancin na Peseiro a daren nan sai da wasa ya kusa tashi suka zo.

TAMBAYA: Ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 17 a unguwarmu. Duk da an ci mu, tsarin 'yan baya uku ya burge ni, ƙwallo biyu kacal aka ci Najeriya a wasa shida kafin na ƙarshe. In koya musu? (Koci daga Damaturu)

AMSA: Koci, sannu da ƙoƙari. Kana iya koya musu, amma ka fara duba kayan aikinka. Ka da yara biyu da za su iya hawa da sauka a layi daga farko har ƙarshe? In babu su, ka bar maganar, domin za ka ƙare da 'yan baya biyar da ba sa tsallaka tsakiya. Gwajin mai sauƙi ne: daga tutar kwana zuwa layin tsakiya a guje, a dawo da sassarfa, sau goma, hutun daƙiƙa talatin tsakani. Wanda gudunsa na goma ya yi kusa da na farko shi ne naka.

Na tsakiyan 'yan bayan uku ba sai ya fi kowa gudu ba, amma ya zama mai baki, shi ke cewa a fito ko a ja. Na gefensa biyu su zama masu iya fita da ƙwallo, mai ƙafar hagu a hagu in akwai. Tazarar da ke tsakanin kowane biyu kada ta wuce mita goma zuwa goma sha biyu idan ana tsaro. Ka ɗauki igiya ka ɗaure su a ƙugu da wannan tsawon, ka riƙa juya ƙwallo daga gefe zuwa gefe suna binta, minti goma kullum. Yara sun fi gane igiya a kan allo.

Daga nan ka koya musu ƙa'idar da ta gagari manya a Abijan: a baya mutum ɗaya kawai ake so ya yi rara. Abokan karawa sun zo da 'yan gaba biyu, ukunka su zauna. Sun zo da ɗaya, to ɗaya daga cikin ukun ya riƙa fita tsakiya. Ka gwada shi a rabin fili, masu tsaro biyar da 'yan tsakiya biyu, a kan masu hari bakwai da ke da uku a tsakiya. Duk lokacin da lamba 6 ɗinsu ya karɓi ƙwallo ya juya ba a taɓa shi ba, ka busa usur ka tambayi yaran wa ya kamata ya fito. Da farko za su yi ta nuna juna. Bayan mako biyu za ka ji suna kiran suna da kansu.

Sai mafita. Kada ka bar lamba 9 shi kaɗai. Ka sa doka cewa ɗaya daga cikin 'yan gaban gefe, wanda ke nesa da ƙwallo, ba ya saukowa ƙasa da da'irar tsakiya, kuma tazararsa da lamba 9 ba ta wuce mita goma sha biyar. Da an ƙwace ƙwallo, fasin na farko gefe ko baya don a tsira da ita, na biyu dole gaba. Ka ƙirga musu daƙiƙa takwas su kai ta bakin ragar abokan karawa, in sun wuce haka a dawo a sake. A filin ƙasa mai tsakuwa irin namu ƙwallo ba ta tafiya daidai, don haka ka rage tazarar fasin ɗin, ka kuma sa wanda zai karɓa ya riƙa tahowa gare ta maimakon ya tsaya jiranta.